Darasi Na 12: Dokar Da Ta Ba Samari Aiki

A shekarar 1929 ciniki ya faɗi a ƙasar Amurka. Bankuna da yawa suka rufe. Masu masana'antu suka sallami ma'aikata. A 1933, cikin kowane ma'aikaci huɗu, ɗaya yana zaune ba aiki.

Ku lura da yadda wannan cuta take yaɗuwa. Wanda ba shi da aiki ba ya ɗinka riga. Tela ya rasa ciniki, ya daina sayen nama. Mahauci kuma ya daina sayen sa. Da haka kasuwa take mutuwa.

A watan Maris na 1933 sabon Shugaban Ƙasa, Franklin Roosevelt, ya kai shawara gaban Majalisa. Majalisa ta yarda, ta yi doka. Ran 31 ga watan ya sa mata hannu. Da ikon wannan doka Gwamnati ta ɗauki samari marasa aiki, masu shekara 18 zuwa 25. Ba aikin tilas ba ne. Mai so shi ke ba da sunansa.

Aka kafa musu sansani a daji. Suka dasa itatuwa, suka yi hanyoyi da gadoji, suka tare zaizayar ƙasa. Ana ba su abinci da tufafi da makwanci. Da dare kuma akwai aji. Dubbai daga cikinsu a nan suka koyi karatu da rubutu, kamar yadda ku ke koyo yanzu.

Albashin kowa dala 30 ne a wata. Dala 5 yake riƙewa, a aika wa iyayensa dala 25. Iyaye su kai kuɗin kasuwa, tela da mahauci su sami ciniki.

An rufe aikin a 1942. Samari wajen miliyan 3 suka yi shi. Dokar ita kaɗai ba ta kawar da rashin aiki ba, sai da Yaƙin Duniya Na Biyu ya zo masana'antu suka cika da ma'aikata. Amma ta ciyar da gidaje masu yawa, ta kuma bar wa ƙasa dazuzzuka da hanyoyi.

Tambayoyi

1. Me ya hana tela sayen nama?
2. Dala nawa ake aika wa iyaye?
3. Wane aiki ne zai fi amfanar ƙauyenku?