Duba tikitinka: jirgin wa za ka hau?

Ɗan'uwa matafiyi, sau da yawa mutum yakan sayi tikitin wani kamfani, ya isa filin jirgi ya yi ta neman teburinsu har a rufe auna kaya, alhali jirgin da zai ɗauke shi na wani kamfani ne daban.

Dalili shi ne babu kamfanin da jiragensa ke sauka a kowane birni, don haka sukan yi yarjejeniya: ɗaya ya ɗora lambarsa a kan jirgin ɗayan, ya sayar da kujeru da sunansa. Ethiopian Airlines da ASKY, wanda ya fara tashi daga Lome a 2010, haka suke yi. Tikitinka yana iya nuna ET, lambar Ethiopian, amma a wani zangon jirgin KP ne, wato ASKY. Da wannan hanya kamfani ke kai fasinja garuruwan da shi kansa ba ya zuwa.

Tun kafin ka biya, tambayi mai sayar maka: wane kamfani ne zai ɗauke ni a kowane zango? A teburin kamfanin da zai fara ɗaukar ka za ka auna kaya. Ka tambayi kilo nawa aka yarje maka har ƙarshen tafiya, musamman idan sari za ka je.

Abin da na fi jan kunne a kai: ka haɗa dukkan zangunan a tikiti guda. Idan jirgin farko ya makara har na gaba ya wuce ka, kamfani zai nema maka wani. Wanda ya raba tikiti don sauƙin kuɗi, shi zai sake biya daga aljihunsa. Canjin rana ko maido da kuɗi kuwa, wurin wanda ya sayar maka za ka koma.