Darasi: Gyara Ƙarfin Murya Idan Ana Ɗauka Da Makirfo

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi ba kowa ne ke iya karatu ba, amma kowa yana iya sauraro. Shi ya sa muke ɗaukar koyarwar lafiya, shawarar malaman gona da waƙoƙin zumuntar mata a ƙaramar rikoda ko wayar hannu, mu zuba a memori, a kai wani gari. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara, amma saƙon da ke cikin memori bai bukaci sabis ba. Sai dai idan murya ba ta fito ba, an yi wahalar banza, domin ba kullum ake iya sāke tara mutane ba.

Matsala iri biyu ce: ko murya ta yi ƙasa ainun, ko ta yi ƙarfi har ta fashe. Kafin mu ce na'ura ta lalace, mu bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

Idan murya ta yi ƙasa

1. Mu duba ramin da muka sa makirfo. Wasu rikodoji suna da rami biyu, ɗaya an rubuta MIC, ɗaya LINE. Ƙarfin da makirfo ke bayarwa kaɗan ne, LINE kuwa an yi shi domin na'ura mai ƙarfi kamar mikisa. Makirfo a LINE, da ƙyar za a ji shi.

2. Mu ƙidaya zoben da ke kan fulogi. Mai baƙin zobe 2 na rikoda ne, mai zobe 3 na waya ne. Idan aka musanya, sau da yawa na'urar ba za ta ji makirfon ba. Masu gyaran waya suna sayar da ɗan mahaɗin da ke daidaita su.

3. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga yana bukatar 'yar wuta. Wani yana da nasa batir, mu tabbata bai mutu ba. Wani kuma daga rikoda yake sha, sai mun kunna masa a cikin saiti.

4. Mu matso da makirfo kusa, kamar taki ɗaya daga bakin mai magana. Wannan ya fi ƙara lamba, gama ƙarin lamba yana ƙara har da hayaniyar yara da kukan awaki.

Idan murya ta fashe

A fuskar rikoda akwai sandar da ke motsi idan ana magana, lambobinta suna ƙarewa a 0. Mu sa mai magana ya ɗaga murya yadda zai yi a taro, mu daidaita har sandar ta riƙa kaiwa wajen -12. Kada ta taɓa 0. Muryar da ta yi ɗan ƙasa ana iya ƙara mata ƙarfi daga baya, amma wadda ta fashe da wuya ta gyaru. Idan akwai ganga da tafi, a ƙara ragewa, a kuma nisanta makirfo daga makaɗa. Idan daga mikisa ake ɗauka, a sa a LINE.

Sauran ƙararraki

Gurnani marar yankewa yakan zo ne idan ana caji, musamman da janareta. A cire caja, a yi aiki da batir. Ƙarar ƙas-ƙas kuwa, ƙurar hunturu ce a rami ko waya ta fara tsinkewa. Iska kuma, a rufe kan makirfo da soso. Saitin AUTO yana ɗaga hayaniya duk lokacin da mai magana ya yi shiru, gara mu daidaita da hannu.

Abin tunawa

Rigakafi ya fi magani. Kafin a fara taro, a ɗauki minti 1 na gwaji, a saurara da iyafis. Idan akwai gyara, a canja abu ɗaya kawai, a sāke gwadawa, domin a san abin da ya yi aiki.

Domin tattaunawa

Wa zai ɗauki nauyin wannan aiki a ikilisiyarku? Waɗanne matasa 2 za a koya wa, domin kada aikin ya tsaya ranar da ba ya nan?