Ƙurji, Maruru da Gyambo: Darasi Kan Cututtukan Fata na Bakteriya

Gabatarwa

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya karanci Hausa a Abuja, wata rana sai an kira shi ya yi tafinta tsakanin likita da majiyyaci, ko a asibitin koyarwa na Gwagwalada ko a ɗakin shan magani na unguwa. Ni kaina Hausa ba harshen uwa ba ne gare ni, da Gbagyi na tashi, shi ya sa nakan tsaya a kan kalma har sai na ga gindinta. Abin da na lura da shi shi ne, Bahaushe yana raɗa wa ciwon fata suna ne bisa kamanninsa, shi kuwa likita yana duba abin da ya haddasa shi. A tsakanin nan ne tafinta kan yi ɓarna.

Kalmomin

Ƙurji kalma ce gama-gari, jam'inta ƙuraje. Maruru shi ne kumburin da ke tara mugunya ya yi baki. Gyambo tsohon miki ne da ya ƙi warkewa, galibi a ƙafa. Kaluluwa kuwa ba ciwon ba ce, alama ce cewa jiki yana faɗa da cuta a kusa. Sai a kula: makero da ƙyasfi aikin fangas ne, ƙazuwa kuma wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa fata. Dukkan ukun ba bakteriya ba ne. Matsalar ita ce "ƙwayar cuta" ta haɗe su duka, ga shi kuma "ƙwaya" na nufin maganin haɗiya. Don haka idan ana fassara, gara a ce bakteriya kai tsaye.

Masu laifin

Bakteriya iri biyu ne ke jawo mafi yawan waɗannan cututtuka. Na farko Staphylococcus aureus, wanda a madubin likita yake curewa kamar 'ya'yan inabi, daga nan ma sunansa ya samo asali a Girkanci. Na biyu Streptococcus pyogenes, mai jeruwa kamar sarƙa. Na farkon shi ne "sitaf" ɗin da masu tallar magani da lasifika ke yayatawa a tashoshin mota, suna ɗora masa kowace larura. Gaskiyar magana, kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da shi a hanci ba tare da ya yi masa komai ba. Sai fata ta samu kafa yake shiga: susar ƙurajen zafi a bazarar Maris da Afrilu, faso lokacin hunturu, cizon sauro, ko askin reza.

Maruru

Yana farawa ne daga gindin gashi, musamman a hamata, gindi, cinya da ƙeya. Ƙarami ba ya bukatar ƙwaya. A jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi a riƙa gasa wurin minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a yini, har ya nuna ya fashe da kansa, sannan a wanke da sabulu a rufe. Babba kuwa sai an tsaga shi a asibiti an fitar da mugunya, domin magani ba ya ratsa tarin mugunya yadda ya kamata. Kada a matse, ballantana wanda ya fito tsakanin hanci da leɓen sama, saboda jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Wanda maruru ke yawan dawo masa, ya auna sukarin jininsa.

Ƙurajen yara masu ɓawo

Likitoci na ce musu imfetigo. Sun fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 5, a gefen hanci da baki ko a ƙafafu. Sukan yi ruwa, su fashe, su bushe da ɓawo mai launin zuma, kuma suna yaɗuwa ta taɓawa da tawul da shimfiɗa. Idan kaɗan ne, a wanke ɓawon a shafa man mufirosin na kwana biyar. Idan sun bazu, sai likita ya rubuta na sha, kamar kulokzasilin ko sefalekzin. Sau da yawa ƙazuwa ce a ƙarƙashi, yaro ya sosa bakteriya ta shiga, to dole a magance ƙazuwar ga duk mutanen gidan. Abin tsoro a nan shi ne ƙoda: idan bayan 'yan makonni fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, a garzaya asibiti.

Kumburi mai tafiya

Wannan shi ne selulaitis, inda cutar ke bin ƙarƙashin fata, yawanci a ƙafa ɗaya. Littattafan Turawa suna cewa wurin yana yin ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Tafinta ya tambayi zafi, kumburi, sheƙi, raɗaɗi, kaluluwa da zazzaɓi. Wannan ba na gashi ba ne, sai maganin sha ko allura, kuma mai ciwon sukari kada ya kwana da shi a gida.

Batun magani

A 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan, kuma a kan farantin wannan sitaf ɗin ne ya ga aikinsa. Amma zuwa 1961 an riga an samu, a Ingila, nau'insa mai bijire wa metisilin. Mu ma muna taimaka masa. Mutum ya shiga kemis ya sayi Ampiclox guda huɗu, ya sha na kwana ɗaya ya ajiye, ko ya fasa kafso ya barbaɗa a miki. A ganina man shafawar nan masu haɗin sitiroyid, har da na bilicin, sun fi ɓarna: suna kwantar da ƙaiƙayi, suna kuma raunana kariyar fata.

Akwai kalma guda da take bukatar taka-tsantsan, wato kuturta. Ita ma bakteriya ce, wadda Gerhard Hansen ya gano a Norway a 1873. Alamarta ta farko tabo ne mai haske wanda ba ya jin taɓi, abin da ake iya ɗauka ƙyasfi ne. Tana warkewa da haɗin magunguna na wata 6 ko 12, kyauta ake bayarwa, kuma a Saye ta Zariya akwai cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatanta. Idan likita ya ambace ta, a ce wa majiyyaci "kana ɗauke da cutar kuturta, kuma tana da magani", kada a kira shi kuturu.