Filin Tseren Mota: Buɗe Ƙofa Kaɗai Bai Wadatar Ba

Aikina shi ne duba wuraren taro kafin a buɗe su ga jama'a, in tabbatar cewa mai keken guragu da makaho da kurma da dattijo mai dogara sanda za su iya shiga, su zauna, su yi kallo, su koma gida lafiya. A Ingila nake wannan aiki, kuma cikin duk wuraren da nake zagayawa, babu mai wuyar sha'ani kamar filin tseren motoci. Saƙona ga masu shirya taro da 'yan kallo ɗaya ne: mai lalura da ya yanki tikiti ɗan kallo ne cikakke. Kallo ya kawo shi, kuma haƙƙinsa ne ya ga abin da kowa ya gani.

Filin ƙwallo gini ne guda mai katanga da ƙofofi. Filin tsere kuwa daji ne da aka shimfiɗa wa kwalta. Ɗauki Silverstone, inda aka yi tseren farko na gasar duniya ta Formula 1 a 1950. Asalinsa filin jiragen yaƙi ne na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma zagaye ɗaya na hanyarsa ya kusa kilomita 6. A 2024 mutum 480,000 ne suka halarci kwanakin babbar gasar da ake yi a can. A irin waɗannan filaye, wuraren zama da yawa na wucin gadi ne, ana kafa su a kwance su. Motoci a kan ciyawa ake ajiye su, ga kuma ruwan saman Ingila da ba ya sallama. Da zarar ƙasa ta jiƙe, ƙananan tayoyin gaban keke sai su nutse, tafiyar minti biyar ta gagara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar lalura. Ke nan babu taron dubban mutane da za a ce babu su a ciki. Inda ba a gan su ba, wurin ne ya hana su zuwa. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta fahimci haka, shi ya sa ta ɗora wa mai wuri nauyin yin tanadi tun kafin wani ya zo ya roƙa.

Tanadin daga tikiti yake farawa. Idan shafin sayarwa bai dace da manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba, an sallame shi tun yana gida. Wanda ba ya iya zuwa sai da mai rakiya bai kamata ya biya kuɗin mutum biyu ba, don haka filaye da yawa suke ba mai rakiya tikiti kyauta. Sai wurin ajiye mota: ya kasance kusa da ƙofa, a kan ƙasa mai tauri, da faɗin da za a iya sauke keke ta gefe ko ta baya. Hanyar hawa kuma kada tsayinta ya wuce ƙa'ida: duk hawan mita 1 yana buƙatar aƙalla tsawon mita 12. Abin da ya fi haka tsayi, mai tura kansa zai gaji a tsakiya, saukowa kuma ta zama haɗari.

Inda na fi tsayawa shi ne wurin kallon kansa, domin a nan ake yawan yin aikin baban giwa. Na taɓa duba wani dandamali da aka kashe wa kuɗi sosai, katakonsa mai kyau, hanyar hawansa daidai, amma an ɗaura tutar talla a jikin shingen gabansa, daidai saitin idon wanda ke zaune. Wanda ya ɗaura ta a tsaye yake, shi yana ganin hanya sarai. Haka ma inda aka ajiye masu keke a bayan layin kujeru: a daidai lokacin da wata mota ta yunƙura za ta wuce wata, kowa sai ya miƙe tsaye, mai keke kuwa bayan mutane kawai zai gani, alhali wannan daƙiƙar ce ya biya wa kuɗi. Maganinsa shi ne a ɗaga dandamalin yadda ko na gaba sun miƙe ba za su tare shi ba, a yi masa rumfa saboda ruwa da rana, a sa kujerar mai rakiya a gefensa, a kuma tabbatar ana hango babban allon da ke nuna sauran sassan hanya. Kada a tara su duka a lungu guda. Su ma suna da kwanar da suke so, suna da iyali da abokai da suke son zama tare da su. Saboda irin wannan ne ba na duba wuri ni kaɗai. Ina tafiya da masu lalurar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganar banɗaki ba a son yin ta, amma ita ce ke yanke hukuncin ko mutum zai wuni ko zai tafi da hantsi. Ranar tsere tun safe ake farawa har yamma. Banɗaki mai faɗi da ƙarfen riƙewa ya ishi wasu, amma akwai waɗanda sai an ɗaga su. Dominsu aka fara fafutukar Changing Places a Birtaniya a 2006: ɗaki mai faɗin murabba'in mita 12, da na'urar ɗaga mutum, da gadon da za a kwantar da baligi a gyara shi cikin sutura. Inda babu shi, iyaye kan kwantar da ɗansu babba a ƙasan banɗaki ko a bayan mota. Babu mai mutunci da zai so a yi wa nasa haka.

Sai ƙara. Sautin da ya kai desibel 85 yana lahanta ji idan aka daɗe a cikinsa, motocin tsere kuwa sun zarce haka nesa ba kusa ba. Kowa na buƙatar abin toshe kunne, musamman yara. Mai galahanga kuma, ƙara da cunkoso kan iya rikita shi, don haka ɗaki mai natsuwa da zai shiga ya huta ya dawo yana da muhimmanci. Ba kowace lalura ake gani da ido ba. Igiyar wuya mai hoton furen sunflower, wadda aka fara amfani da ita a filin jirgin saman Gatwick a 2016, alama ce cewa mai ita na iya buƙatar taimako ko ƙarin haƙuri. Kurma kuma ba ya jin lasifika, saboda haka duk sanarwa ta fito a rubuce a kan allo, musamman ta gaggawa. Makaho yana bin tseren ta sharhin rediyon filin, sai a tabbatar yana kaiwa har inda yake zaune. Tambayar da nake yi wa kowane mai wuri ita ce: idan aka ce kowa ya fice yanzu, wa zai je wurin masu keke, kuma ta wace hanya za su bi?

Shi kansa wasan ya daɗe da shaida cewa lalura ba kasawa ba ce. Frank Williams ya shanye a hatsarin mota a Faransa a 1986, kuma daga kan keke ya ci gaba da jagorantar ƙungiyarsa ta tseren mota tana lashe kofunan duniya. Alex Zanardi ya rasa ƙafafunsa biyu a tsere a Jamus a 2001, ya dawo ya ci zinare a wasannin naƙasassu na 2012, a filin tsere na Brands Hatch. Billy Monger ya rasa nasa ƙafafun a filin tsere na Donington Park a 2017 yana ɗan shekara 17, ya sake komawa tuƙi. Yaron da ke kan keke yana da waɗanda zai kalla ya yi koyi da su, in dai an ba shi wurin da zai hango su.

Gini kaɗai ba ya gama aiki, sai da halin ma'aikata. Ka yi magana da mutumin kai tsaye, ba da mai rakiyarsa ba. Kada ka kama kekensa ka tura sai ka tambaye shi. Idan za ka jagoranci makaho, ba shi hannunka ya riƙe, kada ka ja shi.

Wannan darasi ya shafe mu a gida. Dokar Najeriya da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya an sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, kuma wa'adin ya cika. Duk mai shirya tseren mota, ko sukuwa, ko wasan folo, ko hawan Sallah, ya zauna da ƙungiyoyin guragu da makafi da kurame tun ranar da ya fara tsara wuri, ya ware musu kuɗi a kasafinsa. Kai kuma ɗan kallo, kada ka ajiye motarka a wurinsu, kada ka tsaya a gabansu. Idan ka je taro ka ga babu tanadi, ka nemi mai wurin ka tambaye shi dalili.