Kada Muryarka Ta Dushe Tun Kafin Ka Kai Ga Batu

Daga Yako zuwa Kiru, Bebeji, Tudun Wada har Doguwa, kuskure ɗaya ake yawan yi a wurin wa'azi, walimar sauka da taron siyasa: mai jawabi ya karɓi makirufo ya fara da ihu. Kafin ya iso muhimmiyar maganar, murya ta dushe, na baya ba sa jin komai sai amo.

Ɗan'uwa, ɗaga murya aikin lasifika ne, ka hutar da maƙogwaronka. Bar tazarar yatsu huɗu tsakanin bakinka da makirufo. Ja numfashi sosai, ka yi magana a natse, ka ɗan dakata bayan kowace gaɓa.

Da hunturu ƙura na busar da maƙogwaro, don haka ka riƙa kurɓar ruwa mai ɗumi, ka rage yawan gyaran murya. In dushewar ta wuce mako biyu, je asibiti a duba ka.