Kajin Tsakar Gida: Shawarwari Ga Uwargida

Daga Dutse zuwa Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, da wuya ki shiga gidan da babu akurki. Kaza ita ce asusun mace: kuɗin magani, kuɗin makaranta, naman baƙo. Sai dai ana yawan rabuwa da ita a lokacin da bai kamata ba.

1. Kada ki yi gaggawar sayar da kazar da ke zubar da gashi. Kusan sau ɗaya a shekara babbar kaza kan sauya gashi, ta rame, ta yi muni, ta daina ƙwai na wata 2 zuwa 3. Ba ciwo ba ne. Abincin da jikinta zai yi ƙwai da shi ne ya koma gina sabon gashi. Muddin tana ci, tana tono, idonta garau, to ƙalau take. In kika kai ta kasuwar Shuwarin a haka, dillali zai taya ta a wulaƙance, wata kuma ta ci ƙwan da kika yi wa wahala. Ki ƙara mata dakakken ƙuliƙuli, gara ko garin kifi a kan dusa da tsaki, ki kuma rage kama ta, domin sabon gashi yana da zafin taɓawa.

2. Ki san bambancin sauya gashi da cuta. Kazar da ta takure, ta saki fukafukai, tana koren kashi ko wuyanta ya karkace, ki ware ta nan take. Annobar Newcastle ce ke share akurki da hunturu, kuma babu maganin da ke warkar da ita, sai rigakafi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin wanda ke jure zafi, ana ɗiga shi a ido. Ki nemi malamin dabbobi tun kaka, kafin iska ta buso. Jiƙon barkono ba ya maye gurbin rigakafi.

3. Ruwa kafin hatsi. Da bazara zafin Dutse kan haura digiri 40, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. Ki ajiye ruwa a kasko a inuwa, ki sauya safe da rana. Ɓawon ƙwai kuma ki gasa, ki daka, ki mayar musu.

4. Mai kwanci a ba ta ƙwai 8 zuwa 10, daidai abin da za ta rufe. Na kaza kwana 21 ne, na zabuwa kusan 28, don haka kada a haɗa su rana ɗaya.

5. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, sara kuma ita ce hanyar da kowace ke sanin matsayinta. Sabuwar kaza ki killace ta mako 2, sannan ki haɗa su da dare. Ki raba abinci wuri biyu don mai rauni ta samu. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. Na biyun faɗa kawai zai kawo, ki ajiye shi don Sallah.

6. 'Yan tsaki su zauna a rufe makonnin farko, saboda shirwa da muzuru. Ki riƙa share akurki, ki tanadar musu toka da yashi su yi birgima, tana rage ƙuma.

Rigakafin Newcastle kwalba ɗaya tana isar kaji da yawa, kuma ba ta jimawa bayan an buɗe. Ku haɗa kai da maƙwabta, a yi wa kajin unguwa rana ɗaya.