Darasi a Kan Ranar Ƙanjamau ta Duniya da Aikin Hakimi

1. Ran 1 ga watan Disamba na kowace shekara ƙasashen duniya su kan yi gangamin faɗakarwa a kan cutar ƙanjamau. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta kafa wannan rana a 1988, watau shekara bakwai bayan likitocin Amurka sun fara ba da labarin cutar a 1981. Nijeriya kuwa ta bayyana mai cutar na farko a 1986, kuma binciken da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayarta a ƙasar nan. To, amma gangamin birane ba ya isa karkara sai ta bakin Hakimai.

2. Ƙwayar tana karya garkuwar jiki ne. A kan ɗauke ta ta hanyar saduwa, ko ta jini, kamar allura ko askar da ba a tafasa ba. Uwa ma ta kan sa wa jaririnta, ko yana ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Amma ko kusa ba ta bin musafaha, ko cin tuwo a ƙwarya ɗaya, ko cizon sauro.

3. Tun 1996 aka sami haɗin magunguna masu danne ƙwayar, ko da ya ke ba su kashe ta ƙurmus. Wanda ya lizimci shansu kullum ya kan yi tsawon rai cikin ƙoshin lafiya. In har ƙwayar ta daina bayyana a awon jininsa, ba ya sa wa iyalinsa ta hanyar saduwa.

4. Saboda haka babban cikas yanzu shi ne gori. Mai tsoron a nuna shi da baki ba ya yarda a auna shi, sai ya cuci kansa, ya cuci gidansa cikin rashin sani.

5. Abin da a ke roƙon kowane Hakimi ke nan. Ya tara dagatai, da limamai, da wanzamai, da ungozomai, a karanta musu wannan darasi. Ya hori magidanta su bar mata masu juna biyu su je awo asibiti. Ya tsawata wa mai tsangwamar masu cutar, gama dokar Tarayya ta 2014 ta hana nuna musu bambanci.

6. Ku kuma Malaman Hakimai, in labarin ciwon wani ya biyo ta hannunku, lalle amana ce. Kada a ji shi a zaure, balle a kasuwa.